Yadda mai gida zai saki makulli ya horar da manajojinsa idan kasuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya

Wata Laraba da hantsi na zauna da wani alhaji mai sarin kayan masarufi a gefen kasuwar Singer a Kano, za mu duba lissafin wata uku. Har aka kira azahar ba mu wuce shafi na biyu ba. Wayoyinsa biyu ne, babu wadda ta huta. Mai sito ya kira, 'yan dako sun ce sai an ƙara musu kafin su sauke tirela. Direba ya kira daga hanyar Gusau, taya ta fashe, a sayi sabuwa ko a lallaɓa da ta hannu? Wani yaro ya leƙo ya rusuna: "Alhaji, mai ruwa ya kawo, a biya shi?" Mutum ne mai ma'aikata fiye da talatin, da sito uku, da motoci huɗu. Da ya ajiye wayar sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka dai gani da idonka. Yaran yanzu ba su da kai." Ban ce masa komai ba a lokacin, amma kawunan yaran duk suna nan lafiya, shi ne ya tattara su ya zuba a aljihunsa shekara da shekaru.

Wannan ciwo ba na Singer kaɗai ba ne. Ana samunsa a Kantin Kwari da Dawanau, da ƙananan masana'antun Sharaɗa da Bompai, da makarantun kuɗi da gidajen burodi. Tsarin ubangida da yaran shago yana aiki sarai muddin yaran ba su wuce waɗanda ido ɗaya zai iya gani ba. Da zarar an buɗe reshe na biyu, abin da ya gina kasuwar shi ke fara shaƙe ta. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja saro goro sun san haka. Madugu shi ne uban tafiya, amma yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, yana da ubandawaki, yana da malamin da ke riƙe da rubutu. Ayarin da madugu ne kaɗai ke yanke kowane hukunci a cikinsa ba zai kai Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, ba.

Matakan nan na tsara su ne ga mai kasuwancin da ma'aikatansa suka kai goma sha biyar zuwa hamsin, ko suna gab da kaiwa. Hajiya mai kamfani ma da ita ake, ko da na yi ta cewa mai gida.

Mataki na farko: rubuta duk abin da ake tambayarka na mako biyu

Kada ka canza komai tukuna. Sayi ƙaramin littafi. Duk wanda ya kira ko ya shigo neman izini, rubuta sunansa, abin da ya tambaya, da kuɗin da ke cikin maganar. Ranar farko za ka ji kamar wasan yara ne, ka daure. Bayan mako biyu ka zauna kai kaɗai bayan asuba ka karanta. Yawanci abin da mutum ke tararwa shi ne mafi yawan kiran a kan kuɗin da bai kai na man motarsa na yini ɗaya ba ne, kuma mutum uku ko huɗu ne ke ta maimaita tambaya iri guda. Waɗannan mutanen su ne manajojinka, ko da ba ka taɓa kiransu da sunan ba.

Mataki na biyu: kasa hukunci kashi uku, ka sa masa iyakar kuɗi

Ɗauki abin da ke cikin littafin ka raba. Kashi na farko, abin da ma'aikaci zai yi ba tare da ya faɗa wa kowa ba, sai dai rasit: kuɗin dako, ruwan sha, facin taya. Na biyu, abin da zai yi sannan ya sanar da kai kafin a tashi: rangwame ga tsohon kwastoma cikin iyakar da ka yanka, sauya wa direba hanya, mayar da kayan da suka lalace. Na uku, abin da sai da kai: ba da bashi ga sabon mutum, ɗauka da sallamar ma'aikaci, sabon sari mai nauyi, duk wata magana da banki ko hukuma.

Kowane kashi ya zo da adadi. "Ƙananan abubuwa kai ka ji da su" ba umarni ba ne, tarko ne, domin ranar da abu ya ɓaci za ka ce ai wannan ba ƙarami ba ne. Ka ce masa naira dubu hamsin zuwa ƙasa naka ne, ko dubu ɗari, gwargwadon ƙarfin kasuwar, ka rubuta, ku sa hannu ku biyu. A sake duba adadin duk wata shida, don yadda farashi ke gudu a ƙasar nan iyakar bara ta zama abin dariya bana.

Wannan ba zai yiwu ba idan aljihunka da asusun kasuwa abu ɗaya ne. Manaja ba zai iya riƙe lissafin da ake zarar kuɗin cefane da na suna da na gudummawar biki daga cikinsa ba tare da rubutu ba. Yanka wa kanka albashi. Idan har yanzu da sunan kasuwanci kawai kake aiki, duba yiwuwar rajistar kamfani a hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya ari sunan ƙaninsa ko matarsa ya cike gurbi ba kamar da.

Mataki na uku: wa za ka ɗora?

A nan ake yin ta. A kusan kowane irin wannan gida akwai mutum uku. Akwai tsohon yaro da ya fara tun kana da tebur ɗaya, ya san kowane kwastoma da halinsa, amma kwamfuta ba ta gabansa. Akwai matashi mai digiri da aka ɗauka bara, ya iya lissafi, bai san wanda ake ba bashi da baki da wanda ko da shaidu goma ba a ba shi ba. Akwai kuma ɗan yaya ko ƙanin uwargida, wanda aka kawo saboda an ce a riƙe shi.

Ra'ayina, wanda ba kowa zai so ba: tsohon yaron nan shi ya fi cancanta a fara gwadawa, a haɗa shi da mai digirin a matsayin mai riƙe masa lissafi. Koyon manhajar lissafi aikin watanni ne. Sanin mutanen kasuwa aikin shekaru ne. Idan ka tsallake shi ka ɗora sabon zuwa a kansa ba tare da ka zauna da shi ba, ba zai yi maka musu ba. Zai ce "Allah ya taya riƙo", sannan ya naɗe hannu ya zuba ido, kuma ranar da zai tafi da rabin kwastomominka zai tafi. Idan kuma ka ga lallai ba zai iya ba, to tsohuwar al'ada ta fi mutunci: a sallame shi da jari, ya zama abokin ciniki.

Ɗan uwa kuwa, a ba shi aiki mai suna da albashi mai adadi, a kuma faɗa masa a gaban wanda zai shugabance shi: "Wane, a gida ni kawunka ne. A nan wurin Malam wane kake karɓar umarni, kuma in ka zo mini da ƙararsa zan kira shi ku maimaita a gabana." In ba za ka iya furta wannan ba, gara ka riƙa ba shi taimako daga albashinka ya zauna a gida. Ya fi maka arha.

Mataki na huɗu: zaman horarwa, wanda shi ne ƙashin bayan abin

Ba wa mutum muƙami ba ya mayar da shi shugaba. Wanda ya shekara goma yana jiran a ce masa yi kaza, sai an koya masa yin tunani da ƙarfi a gaban ubangidansa. Ga yadda ake yi.

Ware wa kowane manaja minti talatin zuwa arba'in a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ku biyu kawai. Bayan la'asar ranar da kasuwa ta fi sauƙi ya fi dacewa. Wayoyi a kife. Kada ka zauna bayan babban teburinka shi yana tsugune ko yana tsaye, ku zauna a kujeru biyu ko a kan darduma. Shi zai zo da maganar da za a tattauna, ba kai ba. Makonnin farko zai zo hannu rabbana ya ce ai komai lafiya. Ka ce masa to, mako mai zuwa ka zo da abu ɗaya da ya hana ka barci.

Akwai wani Baturen Ingila, John Whitmore, tsohon direban tseren motoci da ya koma horar da shugabannin kamfanoni, wanda ya yaɗa wata hanya mai tambayoyi huɗu tun wajen 1992. Har yau masu wannan sana'a da dama suna aiki da ita. A Hausance ga su: Me kake so ya faru? Yanzu a ina abin yake? Waɗanne hanyoyi kake gani? Wanne za ka ɗauka, kuma yaushe?

Ga yadda na ji ta gudana tsakanin alhajin nan da mai kula da reshensa, bayan an sha fama:

"Ranka ya daɗe, maganar bashin mutanen Haɗeja ce."

"Me kake so a kai?"

"Su biya."

"Duka? Zuwa yaushe?"

Ya yi shiru. "Ko da rabi kafin azumi."

"To. Yanzu nawa ne, kuma wa ya fi daɗewa?"

Ya zaro takarda. Ashe mutum biyu ne ke riƙe da mafi yawan kuɗin, sauran ƙanana ne masu biya a hankali. Alhaji ya buɗe baki zai ce a tsayar musu da kaya, na ga ya haɗiye.

"Kai me kake gani?"

"Duk yadda ka ce, Alhaji."

"Na sani. Amma da na yi tafiya, babu waya, ya za ka yi?"

Sai ga hanyoyi uku sun fito daga bakin mutumin da aka ce ba shi da kai: a je a same su ido da ido maimakon waya, a daina ba su sabon kaya sai sun biya rabin tsohon, ko a bi ta hannun dattijon da ya kawo su tun farko. Ya zaɓi na ukun, ya ce ranar Asabar zai je. Alhaji da kansa ya manta da dattijon nan.

Wurin da masu gida ke faɗuwa shi ne shirun da ke biyo bayan tambaya ta uku. Kai ka san amsar, ka san ta tun kafin ya gama magana, kuma harshenka na ƙaiƙayi. Ƙirga goma a zuci. Idan ka ba da amsar, ka koya masa cewa in ya yi shiru na ɗan lokaci za ka ɗauke masa kayan. Idan ya kawo hanyar da ba taka ba, kuma asarar da za ta iya jawowa ba za ta karya ka ba, bar shi ya bi ta. Kuɗin makaranta ne kake biya. In kuwa hanyar rami ce, tambaye shi: "In suka ƙi fa, sai me?" Sau da yawa da kansa zai hango ramin.

A ƙarshen zama shi zai faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi, kai ka rubuta. Mako mai zuwa da shi za a fara. "In sha Allahu" kalma ce mai girma, amma a bakin wasu ma'aikata ta zama hanyar sulalewa. Ka karɓe ta, ka ƙara da "Allah ya yarda, wace rana?"

Abu biyu ba sa shiga wannan zama: faɗa da maganar albashi. In ka mayar da shi kotu sau ɗaya, ba zai sake kawo maka matsala tun tana ƙarama ba. Haka kuma ba komai ake horarwa a kai ba. Sito na cin wuta ba a tambayar mutum me yake gani, sata kuma ba ta da zaman tattaunawa.

Mataki na biyar: gyara yadda labari ke iso maka

Tarbiyyarmu ta hana ƙarami ya dubi babba ya ce ka yi kuskure. Abu ne mai kyau a zaure, mai tsada a kasuwa. Sakamakonsa shi ne mai gida ne na ƙarshe da ke jin cewa kaya sun kusa lalacewa a sito, ko babban kwastoma ya koma wurin maƙwabci. Yawancin masu gida suna magance wannan ta hanyar ajiye ɗan rahoto, wani yaro da ke kawo musu gulmar kowa da daddare. Kowa a wurin ya san shi, kowa na taka-tsantsan da shi, kuma labarin da yake kawowa an riga an tace shi da son ransa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mai gida ne ya tsaga bangon da hannunsa.

Madadin haka, kafa taron minti goma sha biyar kowace safiyar Litinin da shugabannin sassa, a tsaye. Kowa ya faɗi abu uku: cinikin makon jiya, abin da ya lalace, abin da yake buƙata daga wani. Wanda ya fara kawo mummunan labari da bakinsa, yi masa godiya a gaban kowa, ko da cikinka na tafasa. Yadda ka karɓi labarin farko shi zai yanke ko za a kawo na biyu. Gyaran mutum kuwa a keɓe ake yi. Manajan da ka zage a gaban yaransa da safe, da wane ido zai ba su umarni da rana?

Sannan ka kiyayi warware hukuncin manajanka ta bayan gida. Kwastoma zai tsallake shi ya kira ka: "Haba Alhaji, ni da kai, yaronka zai hana ni kaya?" In ka ce a ba shi, ka kashe manajan, kuma gobe layi za a yi a wayarka. Amsar ita ce: "Bari in ji daga gare shi, shi zai kira ka." Ko da za a sauya hukuncin, daga bakinsa zai fito.

Halin wurin aiki ba daga takardar da aka manna a bango yake fitowa ba. Ma'aikata suna kallon wa aka ƙara wa girma, wa ya yi laifi aka kau da kai, ranar nawa ga wata albashi ke shiga, da ko mace mai aikin kanta tana iya kai ƙarar wanda ya dame ta a saurare ta. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, amma akwai wuraren da sai goma ga wata ake fara jin "a ƙara haƙuri".

Mataki na shida: rubutu

Wasu na ganin takarda tsakaninsu da yaransu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, tsakanin musulmi da musulmi. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, kuma ta ƙayyade wa'adin sanarwa kafin rabuwa, daga yini ɗaya ga sabon shiga har zuwa wata guda ga wanda ya shekara biyar. Dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama: kai ka zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Akwai kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun NSITF saboda diyyar rauni a wurin aiki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya shafi mai ma'aikata 25 zuwa sama. Zauna da akanta ko lauya sau ɗaya a tsara maka waɗannan, kada ka bari sai an kawo maka takarda daga hukuma.

Mataki na bakwai: kai wa ke horar da kai?

Wanzami ba ya son jarfa. Mai gidan da ya koyi yi wa manajojinsa tambaya yakan ƙi a yi masa. Amma babu wanda ya kai shi kaɗaici a wurin: ma'aikata na tsoronsa, 'yan uwa na da buƙata a wurinsa, abokan kasuwa kishiyoyi ne. A nan mai horarwa na waje ke da amfani. Aikinsa daban ne da na mai ba da shawara, wanda zai duba littattafanka ya ce yi kaza. Shi wannan zai zauna da kai ne, sau biyu a wata misali, ya yi maka irin tambayoyin da kake yi wa manajanka, ya kuma riƙe ka a kan abin da ka ce za ka yi.

Sana'ar ba ta da shinge, kowa na iya buga kati ya kira kansa gwani. Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan aiki, ICF, da ke ba da shaidar ƙwarewa, kuma samun ta alama ce mai kyau, sai dai ba ta isa ba. Nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa aiki ka ji daga bakinsu. Yi zaman gwaji ɗaya ka lura: wa ya fi yin magana, kai ko shi? In shi ne, malamin lacca ka samu. Ku yanka wa'adi, wata uku zuwa shida, da abu biyu ko uku da ake son su canza, irin waɗanda ake iya gani, kamar raguwar kiran waya ko rufe lissafin wata cikin mako guda. Ku rubuta cewa sirrinka ba zai fita ba. Ka ba shi izini ya zanta da manajojinka a ɓoye ya kawo maka abin da suke faɗa game da kai ba tare da sunaye ba, kuma kada ka yi ƙoƙarin gano wa ya faɗi me. Wanda bai san kasuwar Arewa ba, bai san nauyin surukuta da bashin amana ba, zai yi ta ba ka maganin da ba na ciwonka ba. In kuɗin ya yi yawa, dattijon ɗan kasuwa da ya riga ka tsallake wannan mataki, wanda ba kaya ɗaya kuke sayarwa ba, zai iya tsaya maka, muddin kun sa rana kuna cikawa.

Mataki na takwas: yi tafiya

Bayan wata huɗu zuwa shida, gwada abin da ka gina. Fara da yini biyu, daga baya mako guda. Umara ma dama ce. Kafin ka tashi, tara ma'aikata ka faɗi wanda ke riƙe da wuri da bakinka, ka sanar da banki da manyan masu kawo maka kaya. Bar lamba ɗaya da mutum ɗaya kaɗai ya sani, don gobara, rasuwa ko hukuma. Ka roƙi wanda ka bari ya riƙe irin littafin nan naka na matakin farko, ya rubuta duk hukuncin da ya yanke da dalilinsa.

Alhajin Singer da ya dawo daga tafiyarsa ta kwana takwas ya tarar an yi rangwamen da shi ba zai yi ba, an kuma sayi tayoyi biyu a wurin da ya fi tsada. Ya tarar kuma an karɓo rabin kuɗin Haɗeja. Ranar ba mu bi ta kan tayoyin ba. Mun ɗauki littafin manajan muka bi shi layi-layi, duk hukuncin da ya yanke daidai daga kashi na uku muka mayar da shi kashi na biyu, aka ɗaga iyakar kuɗinsa, aka sa ranar tafiya ta gaba bayan Babbar Sallah.